Ihun Bayan Katanga

Mahaifina bai taɓa zama ya kalli ƙwallo ba, kuma da za ka tambaye shi sai ya ce maka bai ma san mutum nawa ne ke buga ta ba. Allah ya jiƙansa, wannan maganar dai ba haka take ba. Kowa a gidanmu ya san ba haka take ba, sai dai babu mai bakin faɗa.

Gidanmu yana can cikin lungunan Ƙofar Mazugal, tsohon ginin ƙasa mai kaurin katanga, tun na kakanninmu da suka zo daga Barno. Barbarcin ya daɗe da guduwa ya bar mu. Abin da ya rage mana shi ne tsagar fuskar Baba, da turaren wutar da Inna ba ta rabo da shi, da sana'ar ɗinkin hula. Baba hular zanna yake ɗinkawa, da safe kuma yana biya wa mutane karatu a soro, shi ya sa unguwa take ce masa Malam. To mutumin da ake cire takalmi a gaishe shi ba zai je ya matsu a benci ɗaya da 'yan adaidaita yana kallon talabijin ba. In maganar ƙwallo ta taso a gabansa, sai ya yamutsa fuska ya ce, "Ƙatti da gajeren wando suna bin fata," ya ci gaba da zura allurarsa.

Da aka buɗe gidan kallo a kangon da ke bayan gidanmu, mun zaci zai kai ƙara wurin mai unguwa. Bai kai ba. Mai gidan kallon ɗalibinsa ne, a soronmu ya yi karatu, kuma sai da ya zo ya durƙusa ya nemi izini kafin ya kafa rumfarsa. Baba ya ce masa Allah ya sa albarka a nema. Katanga ɗaya ce tsakanin rumfar kwanon nan da ɗakin Baba. Ba a daɗe ba sai muka ga ya janye tabarmarsa da kwandon zarensa daga bakin ƙofa ya mayar da su gindin wannan katangar, wai hasken taga ya fi faɗowa a nan. Tagar kuwa ba ta fi faifai girma ba, kuma tana can sama kusa da azara.

Wasannin Turai ba su dame shi ba. A waɗannan, rabin rumfar na bayan wannan ƙungiya, rabi na bayan waccan, duk wanda ya ci sai an yi ihu, ba ka gane komai daga bayan katanga. Amma in gasar cin kofin Afirka ta zo, 'yan wasan ƙasarmu suka fito, sai rumfar gaba ɗaya ta koma maƙogwaro ɗaya. A nan ne Baba yake bin wasa da kunne, tiryan-tiryan, kamar mai sauraron hadda. Na daɗe ina lura da shi ta gefen ido har ni ma na koya. In aka yi gajeren ihu ya ƙare da tsaki, an ɓarar da dama. In ihu ya tashi ya yanke a tsakiya, an ci amma an ce satar gida. In aka haɗu baki ɗaya ana zagin mutum guda, alƙalin wasa ne. In kuwa kwanon rumfar ya ɗauka, benci ya kife, wani yana ta kabbara kamar an yi masa haihuwa, to mun ci. Sai ka ga allurar Baba ta tsaya a sama, ya yi gyaran murya, ya ce a kawo masa ruwa. Kullum haka, ruwa, kamar shi ya yi gudun.

Abin da ya fi tsoro shi ne shiru. In ba ka jin komai sai ƙarar janareta, an zura mana. In kuma bayan shirun ka ji takun ƙafafu suna ficewa daga lungu tun wasa bai tashi ba, to abin ya wuce gyara, mutane sun yi zuciya sun tafi gida. Ranar irin wannan Baba ba ya cin tuwon kirki, sai ya ture kwanon ya ce gishiri ya yi yawa.

Ni ne ɗan fari, Baba kuma irin mutanen da ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana son wani abu a wurina, sai ya ce wa Inna, "A gaya wa yaron nan," ko da ina tsugune a gabansa, ko da yaron nan ya fara furfura a gemu. Kakata ce ta raine ni a sashinta. In gaishe shi da safe, ya amsa yana kallon ɗinkinsa, shi ke nan hirarmu ta ƙare sai gobe. Ba ƙiyayya ba ce, na sani. Hular aurena shi ya ɗinka ta, ya yi watanni yana kanta, sannan ya ba ƙanina ya kawo mini wai wani ne ya sa aka yi bai zo ya karɓa ba. Duk da haka na sha jin haushin wannan al'adar, musamman in na ga ƙanin nawa, autanmu, ya shigo ya miƙe ƙafa a tabarmar Baba yana cewa, "Malam, yau fa ƙattin naka sun yi abin kirki," Baba yana korarsa da hannu yana danne murmushi. Shi kaɗai ke da lasisin wannan tsokanar. A shekarar da nake ba da labarinta kuwa aiki ya kai shi kudu, ba ya gida.

Ana gab da fara gasar Baba ya faɗi a wurin alwala. Hawan jini ne, wanda ya daɗe yana sha wa magani ranar da ya ga dama. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun allurar ke nan. Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar, ido ma ya ragu. Ranar da aka sallamo mu daga asibiti likita ya tsayar da ni a baranda ya ce in bugu na biyu ya zo ba lallai ne ya tashi ba, don haka a kiyaye magani, a cire gishiri, a guji duk abin da zai tayar masa da hankali, na baƙin ciki ne ko na murna. Ya faɗa a sauƙaƙe kamar mai cewa a rufe taga. Na so in tambaye shi a wane gari yake zaune da ake iya guje wa tashin hankali, amma ya riga ya juya wurin na gaba.

Na so a kai shi ɗakin Inna da ke can ƙuryar gida. Ya ƙi. Da hannun hagu ya nuna gindin katangarsa, a nan muka kafa masa gado. Muka raba jinya. Inna ke kwana da shi, amininsa ya karɓe ta da hantsi, ni kuma daga la'asar in na taso daga kasuwa. Aminin nan wani dattijon Bafillace ne mai sayar da zare, abokin wasan Baba, kuma tun ina yaro ban taɓa jin sun yi wa juna magana ɗaya ta gaskiya ba. Kullum shi yana ce wa Baba bawansa ne da ya saya da arha, Baba yana ce masa ya koma daji shanu na jira. Nawa zaman jinyar kuwa na kurame ne. In juya shi, in goge masa baki, in ɗaura masa abin awon jini a dantse, in koma bakin ƙofa in zauna. Yana jin nauyin hannuna a jikinsa, ni kuma ina jin nauyin ya gane na lura.

Da aka fara gasar, carbi ne ya maye gurbin allura. Janareta na tashi sai ka ga ya buɗe ido ya lalubo carbin da hannun hagu. Ranar da muka fara ci, carbin ya tsaya cak, rabin fuskarsa mai rai ya yi haske, ya ce, yana kallon rufi, "Ruwa." Rabon da in ga wannan hasken tun kafin faɗuwarsa. Amma da na auna shi bayan an tashi, sai na ga jinin ya hau sosai. Wasa na gaba ma haka. Da muka tsallake zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale, aka kwana biyu yana fama da ciwon kai, har ya yi amai.

Nan Inna ta ce ya isa. Ba ta ambaci ƙwallo ba, don ambatarta tonon asirin Malam ne. Cewa ta yi, "Hayaniyar bayan gidan nan za ta kashe mini miji ina kallo." Ta aiki aminin Baba wurin liman, liman ya yi sanarwa bayan salla cewa Malam yana kwance, a taimaka a rage hayaniya a lungunsa. Mai gidan kallo ya zo da kansa ya tsuguna a soro ya ce zai rufe rumfar har a gama gasar. Inna ta aiko daga ciki cewa ba za a hana mutane kallon ƙasarsu ba. Aka tsaya a kan zai cire lasifika, kowa ya kalla bakinsa a rufe, wanda ihu ya ci ƙarfinsa ya fita bakin titi ya yi abinsa a can. Duk mun ga dabara ce mai kyau, har muna yaba wa unguwa. Ba wanda ya gaya wa Baba, don mara lafiya ba a shawara da shi, yi masa ake yi. Ni kuma Inna ta ba ni nawa umarnin tana kallon tukunya: "Kada mai zaman jinya ya kuskura ya yi masa maganar wasan nan."

Wasan kwata fainal ne, wato na daf da na kusa da na ƙarshe, wanda aka ci ya tattara kayansa ya koma gida. Da la'asar sakaliya janareta ya tashi, a jikin katangarmu ake jingine shi, ƙararsa ta danne duk abin da ke nesa. Baba ya buɗe ido ya lalubo carbi. Ni ina bakin ƙofa, wayata a cinya na kashe mata ƙara, ƙanina yana turo mini saƙo daga kudu.

Sai shiru. Wallahi ban taɓa zaton samarin Kano za su iya irin wannan shirun ba. Daga baya aka ba ni labarin yadda suka yi, wani ya cusa hula a baki, wani ya ciji hannun rigarsa, wani ya riƙe cinyar na kusa da shi har sai da ta yi shati. Da farko daɗi na ji, na ce yau Baba zai huta. Amma da na dube shi sai na ga bai huta ba. Ya karkatar da kai wajen katanga, carbin yana gudu a hannunsa fiye da kullum, gumi ya feso masa a goshi. Janareta yana gaya masa ana wasa, rumfa kuma ba ta cewa komai. A karatun da ya yi shekaru yana yi, wannan fassara ɗaya gare shi, an zura mana tun da wuri. Sai a lokacin na gane abin da muka yi. Mun taru, mu da liman da unguwa, mun gina masa abin da ya fi tsoro, mun kwantar da shi a ciki.

Ana cikin haka wayata ta yi haske. Ƙanina ne, wai mun ci. Kafin in gama karantawa na ji ƙafafu a lungu, da yawa, suna rige-rigen fita, ba murya ko ɗaya. Bakin titi za su je su yi ihunsu kamar yadda aka yi alkawari. Baba ma ya ji su. Na ga carbin ya rage gudu, ya tsaya, ya sulale daga hannunsa ya faɗi a tabarma. Idonsa na dama dama yakan zubar da ruwa tun da ya faɗi. Wannan karon har na hagun.

Ina zaune da labari mai daɗi a tafin hannuna, ban san yadda zan yi da shi ba. In na faɗa, na karya maganar Inna, ga likita ya ce murna ma tana kisa. In na faɗa kuma, na nuna masa na san abin da ya yi shekaru yana ɓoyewa, ni da ko hasken rana ba mu taɓa yin hirarsa ba. In na yi shiru, ga shi nan yana ƙonewa a gabana a kan abin da bai faru ba. Na tashi na ɗauki carbin na mayar masa a hannu, bai riƙe ba.

Sai na ji ya ce, "Kai."

Na waiga in ga ko wani ya shigo. Babu kowa. Da ni yake.

Bai dube ni ba, katangar yake kallo. Ya tattaro maganar da ƙyar, kalma tana jan kalma. "Nawa... suka yi mana?"

Tun da aka haife ni wannan ce tambayar farko da ya yi mini baki da baki, ba ɗan aike. Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Baba, ai mu muka ci. Ɗaya da nema."

Ya juyo da kansa a hankali ya dube ni, ya daɗe yana duba na. Sannan ya ce, "Allah... ya yi maka albarka."

Na san wannan muryar. Lokacin da kakata take ciwon ajali, ƙaninta ya rasu a Barno, aka ɓoye mata. Kullum Baba zai shiga ya ce mata, "Yana gaishe ki, ya samu sauƙi," ita kuma ta dube shi ta ce Allah ya yi masa albarka, da wannan muryar sak. A wurinmu ba a kai wa mara lafiya mugun labari. Kowa ya sani, mara lafiyar ma ya sani, sai ya karɓi ƙaryar ya sa wa mai ita albarka don ya san tausayi ne ya kawo ta. Baba ya ɗauka abin da ya yi wa mahaifiyarsa ne nake yi masa.

Na ce, "Wallahi Baba mun ci."

Ya lumshe ido. "Kada... ka rantse."

Na kai masa wayar gaban fuska, na manta idon ba ya ganin ƙananan rubutu. Ya kawar da kai.

Ban san lokacin da na fita ba. Na leƙa madafa na ce wa Inna ta duba shi, na zaga lungu na faɗa rumfar. Sun dawo daga titi sun zazzauna, sun yi tsit, talabijin yana ta motsi ba murya. Na ja mai gidan kallo gefe na ce ya sa su yi ihu. Ya dube ni kamar na zare. Ya ce, "Yaya, liman fa ya yi magana. Hajiyarku ma ta yi magana." Dole na faɗi abin da ba a taɓa faɗa ba, a gaban mutane, na ce Malam da kunne yake bin wasan nan, shirun nan ya sa ya ɗauka an cinye mu. Na zaci za su yi mamaki. Wani mai gyaran babur da ke bencin gaba ya ce, "Ai mun sani. Dama in mun ci wajen katangarsa muke juyawa." Wato asirin da muka yi shekaru muna rufewa a cikin gida, unguwa ma rufe shi take yi daga waje.

Mai gidan kallo ya tsaya a gaba ya ɗaga hannu, ya sauke, suka yi ihu. Allah ya saka musu, sun yi iya yinsu. Amma ihun da aka roƙa daban yake. Ya tashi a tare kamar amshin 'yan makaranta, ba benci da ya kife, ba kwano da ya ɗauka, rabinsu ma idonsu na kan talabijin inda ake jifa daga gefe. A ƙarshe wani ya fashe da dariya, ya ja wasu. Tun ina tsaye a wurin na san ban gyara komai ba.

Na koma na tarar da Inna a tsaye a kansa, ta dafe ƙirji. Baba ya ji shigowata, ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Har su ma... an wahalar." Ya koma maganar ɗan aike ke nan, ba da ni yake ba kuma. Inna ta ga yadda jijiyar wuyansa take harbawa, ta ja mayafi ta fita, ita da ba ta taɓa taka bakin rumfar nan ba. Ban san abin da ta ce musu ba. Na dai san daga nan ko tari ba a sake yi ba. Aka tashi wasan daidai da kiran magariba, mun yi nasara, suka fice saɗaf-saɗaf kamar masu barin gidan makoki. Ranar duk Kano ta yi murna ban da lungunmu.

Da na zaunar da Inna na yi mata bayani, sai ta yi salati ta zauna a bakin murhu. Ita ta fi kowa sanin yadda yake jin wasan, tsoro ne ya rufe mata ido, kuma wa zai ga laifinta. Washegari muka shiga gyara. Aminin Baba ya zo ya ce masa, "Kai bawa, ƙattinka fa sun ci jiya." Baba ya yi masa kallon da ya saba yi masa in ya ce ya ga kura a kasuwa. Mutumin da ya shekara arba'in yana yi maka ƙaryar wasa, ranar da ya zo da gaskiya ba ta da wurin zama. Ƙanina ya bugo waya, aka kara masa a kunne, ya yi ta rantsuwa daga kudu. Baba ya ce, "An gaya maka... abin faɗa." Na kawo rediyo na kunna. Ya saurari labaran duniya tsaf, ana cewa ga labarin wasanni ya ɗaga hannun hagu ya ce a kashe, ina ruwansa da ƙatti. Inna da amininsa suna zaune, ba zai yarda a gan shi yana kasa kunne ba. Ya koma cikin ɓuyansa ya ja ƙofa. Da aka kawo masa abinci ya taɓa kaɗan ya ture, ya ce gishiri ya yi yawa. Abincin da ko ƙwayar gishiri babu a ciki tun ranar da muka dawo daga asibiti.

Shaida ɗaya ta rage, wasa na gaba. In da an fitar da mu, ba za a ji rumfar nan ta sake zama maƙogwaro ɗaya ba sai wata gasar. In ya ji ta ɗauka da gaske, zai san ɗansa bai yi masa ƙarya ba. Inna da kanta ta aika wa mai gidan kallo cewa ya mayar da lasifikarsa, kowa ya yi ihu iya maƙogwaron da Allah ya ba shi. Na ce mata maganar likita fa. Ta ce, tana kallon wani wajen, "Shirun ma ai bai bar shi ba."

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. A kasuwa kowa yana lissafin kofi, wa za mu haɗu da shi a wasan ƙarshe, wa ya kamata a ajiye a benci. Ni kofin bai dame ni ba, su kai shi duk inda suka ga dama. Ƙwallo ɗaya nake roƙo, ɗaya tak, da kuma Baba ya kai ranar. Har haushin kaina nake ji in na ɗaga hannu bayan salla, wai ni da girmana ina roƙon Allah a kan ƙafar wasu samari da ke wata ƙasa, waɗanda ba su san akwai wani lungu a Ƙofar Mazugal ba, ba su kuma san akwai wani tsoho da ya ture abinci saboda su ba. Amma abin da ya rage mini ke nan. Ba ni da hannu a wasan, ba ni da hannu a jinin da ke hawa, bakin da nake da shi kuma an riga an sa masa albarka an ajiye.

Ranar wasan da hantsi bugu na biyun ya zo wa Baba. Amininsa yana zaune yana tsokanarsa, sai ya ga bai rama ba. Aka kira ni daga kasuwa. Likitan da muka ɗauko ya duba shi, ya ɗaga fatar idonsa, ya ce ɗaukarsa a fitar da shi ta lungun nan wahala kawai za a ƙara masa, a bar shi inda yake a yi ta addu'a. Yana numfashi, da nauyi, idonsa a rufe. Na tambaya ko yana ji. Likitan ya ce Allah ne masani.

Mai gidan kallo ya aiko yana tambaya ko ya rufe. Inna ta ce a buɗe.

Da yamma janareta ya tashi, lasifika ta ɗauka, rumfa ta cika har waje. Wannan karon ban zauna a bakin ƙofa ba. Na zauna a gefen gadon, na sa masa carbin a hannun hagu, na naɗe yatsunsa a kai. Inna tana ƙasa a kan tabarma, ta jingina da bango. Ban duba waya ba, da kunne na bi wasan, yadda ya koya mini ba da saninsa ba. Aka yi gajeren ihu ya ƙare da tsaki. Aka haɗu aka zagi alƙali. Aka tafi hutu ba ci, aka dawo, aka yi ta ɓarar da dama har na fara zagin 'yan wasan a zuciyata ɗaya bayan ɗaya, su da masu koyar da su.

Sai rumfa ta ɗauka. Na gaske. Kwanon rumfar ya amsa, benci ya kife, wani yana ta kabbara, kuma na ji sarai wajen katangarmu suka juyo, har da masu dukanta da tafin hannu. Ƙasa ta zubo daga azara ta sauka a kan bargonsa.

Na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Baba, ka ji ko? Mu ne. Wancan ma mu ne."

Ban taɓa fara yi masa magana ba in ba gaisuwa ba, sai ranar. Na zuba wa hannunsa ido. Na jira carbin ya motsa, ko ya tsaya, ko ya faɗi, ko me ma. Yana nan yadda na naɗa masa shi. Na jira gyaran muryar. Ihun ya yi ta yi har ya gaji ya lafa, ya bar janareta da numfashin Baba.

Inna ta dafa bango. Ta tashi ta fita tsakar gida, ta ɗebo ruwa a randa cikin kofinsa, ta kawo ta ajiye a gefen gadon inda hannun hagunsa zai iya kaiwa. Ruwan yana nan a wurin har aka fitar da gawar Baba washegari.